Bizar Kallon Namun Daji

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya shimfiɗa ƙasa falle ɗaya, 'yan Adam suka bi ta suna ja mata layi.

A Zaitawa aka yanke mini cibiya, a Shahuci aka kai ni aure. Ban yi boko ba. Kafin tafiyar da zan ba ku labari, iyakar nisan da na taɓa yi Maraɗi ne, biki, kuma ba wanda ya tambaye ni takarda. Direba ne ya sauka ya gaisa da masu kaki, muka wuce. Da wannan ɗan sanin na fita duniya.

Wanda na fita dominsa ɗana ne na fari. Masu irin shekaruna sun sani, a wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta san da zamansa. Kunya ce, haka muka tarar, haka muka riƙe. Ranar da aka yaye shi, yayar mijina da muke kira Gwaggo ta goya shi ta tafi da shi gidanta. Can ya girma, kuma da aka sa shi makaranta sunan mijinta aka rubuta masa a gurbin uba. Ni ina ce masa Ɗan Gwaggo. Shi yana ce mini Yaya, yadda ya ji ƙannena suna faɗa. Shekara arba'in da huɗu muna a haka.

Ya koyi dukanci a Kurmi, jaka da takalmi da tumtum. Wani ya ba shi labarin wani gari a gabas, Arusha, a ƙasar Tanzaniya, inda Turawa suke yada zango kafin su shiga daji kallon dabbobi, kuma suna son kayan fata. Ya tafi, ya zauna, ya auri 'yar ƙasar, A'isha, suka haifi biyu. Rannan sai ga waya: hantarsa ta kumbura, likita ya ce a sanar da nasa. Gwaggo ta riga mu gidan gaskiya, mahaifinsa ma haka. Saura ni.

Ƙanena Sabo ya kai ni wurin wani mai yi wa matafiya takardu, a wani ɗaki a saman bene, cike da maza masu jiran takardun Umara. Mutumin ya ɗago daga kwamfutarsa.

"Hajiya, wa za ki gani a can?"

Na ce, "Wani yaron gidanmu ne ba shi da lafiya."

"Ɗanki ne?"

Maza takwas a ɗakin, har da sa'o'in yaron. Na ja mayafi na dubi bango.

Sabo ya yi dariya. "Kai ma dai, Alhaji. Ko alƙali ne ya tambaye ta ba za ta amsa ba. Ɗan fari ne."

"To ai gaban alƙalin za ta," in ji mutumin. "In dubiya ce, sai ta je kotu ta yi rantsuwa ita ta haife shi, ta kama sunansa, a haɗa da takardar asibiti a aika can, a jira amsa. Sati uku, huɗu, ya danganta."

Na ce wa Sabo, ƙasa-ƙasa, "Babu wata hanyar?"

Mutumin ya ji. "Akwai mana. Bizar 'yan yawon buɗe ido, guda ɗaya, ƙasa uku. Ba kotu, ba suna. Sai mu rubuta kallon namun daji za ta."

"Yaya da take gudun ƙadangare ita ce za ta kallon zaki?" in ji Sabo. Ɗakin ya ɗauki dariya.

Na ce, "Ƙasa ukun, har da inda yake?"

"Hajiya, gabas ai duk ɗaya ce. Kina isa bakin iyaka za su buga miki."

Na ji sanyi a raina don an bar maganar yaron. Wannan sanyin da na ji, shi nake tubar wa Allah har yau. Domin fasfona kansa sai da ya ci sati uku kafin ya fito. Da na je kotun a ranar, da amsar ta same ni ina ɗaure kaya.

Ba zan tsaya kan fita ba, sai abu ɗaya. A filin jirgi aka mayar da Sabo. Fasfonsa saura wata huɗu ya mutu, su kuma sun ce sai mai wata shida a gaba. Ya roƙa, ya rantse, ya cire hula. Na shiga jirgi ni kaɗai, da lambar waya a rubuce a takarda, na ƙulle ta a bakin zane.

Zango na farko Adis Ababa, inda ake canza jirgi. Sanyi kamar a cikin randa. Ban san ƙofa ba, ban san baki ba. Na ga wata mata da atamfa irin tamu, na nuna mata tikitina, ta nuna mini nata, na bi bayanta kamar akuyar da aka sayo. Inda ta zauna na zauna, inda ta tashi na tashi. Har muka rabu ban san sunanta ba. Allah ya saka mata.

Zango na biyu Nairobi. Suka nemi katin allurar shawara, katin nan ruwan ɗorawa, na miƙa. Suka ɗora yatsuna a kan gilashi, suka buga hatimi, na fito. A waje wani dogon mutum ya tare ni da sallama da Hausar Damagaram. Mamman ke nan, abokin Ɗan Gwaggo, mai fataucin duwatsu masu daraja tsakanin Kenya da Tanzaniya, yana da takardar zama a Tanzaniyar. Da na ji Hausa a bakinsa na yi hamdala.

A cikin mota ya ce in ba shi fasfon ya gani. Ya buɗe, ya duba, ya juya shafi, ya dawo.

"Inna, wa ya yi miki wannan?"

Na faɗa masa.

"Kenya. Uganda. Ruwanda." Yana karantawa yana ɗora yatsa. "Inna, Tanzaniya ba ta ciki. Kuma mai koren fasfo irin naki ba a buga masa a ƙofa. Sai an nema tun daga gida, manyansu sun amince."

Na ce, "Ya ce gabas duk ɗaya ce."

"Allah ya isa tsakaninki da shi." Ya rufe fasfon. "Mu je dai. Ƙila mu dace da mai tausayi."

Muka kama hanyar kudu. Ƙasa ja, ƙaya, duwatsu. Can a gefen titi na ga raƙuman dawa uku suna cin ganye a saman bishiya, wuya kamar tabarya. Mutanen motar suka ɗaga wayoyi. Na ce a raina, to ga shi na gani, takardar ba duka ta yi ƙarya ba.

Zango na uku Namanga, kuma nan tafiyata ta tsaya. Gari ne guda da aka raba biyu, rabi Kenya, rabi Tanzaniya. A tsakiya akwai wani babban zaure mai tagogi. Taga ɗaya ta sallame ka, ta gaba ta karɓe ka. Ta farko ta sallame ni ba gardama. A ta biyu na tarar da wata ma'aikaciya da ɗankwali a ƙarƙashin hular aiki, ba za ta girmi 'yata ta uku ba. Ta amsa sallamata da kyau. Ta buɗe fasfo, ta girgiza kai. Mamman ya yi ta magana da yarensu, yana nuna ni, yana nuna kudu. Sai ta dube ni ta yi tambaya.

"Inna, ta ce wane ne mara lafiyan a wurinki."

Bayana layi ne na Turawa da jakunkuna a baya, da direbobin manyan motoci. Na ce, "Ɗana ne."

"Ta ce ki faɗi sunansa da bakinki."

Shekara arba'in da huɗu sunan yana cikin bakina ban taɓa barinsa ya fito ba, ko a ɗaki ni kaɗai. Na ce, "Auwalu."

Ban taɓa jin yadda yake da muryata ba. A gaban gilashi na fara ji, a gaban baƙuwa.

Ta rubuta. Mamman ya nuna mata hoton fasfon yaron a waya. Ta duba nasa, ta duba nawa. Sunan uban da ke jikin nasa na mijin Gwaggo ne. Sunan da ke bayan nawa na mijina ne. Babu harafi ɗaya da ya haɗa ni da abin da na haifa.

Ta yi magana a hankali, Mamman yana juya mini. "Ta ce ta yarda da ke, don ta ga fuskarki. Amma takardarki ta ce dabbobi kika zo kallo, bakinki ya ce ɗa. Ta ce wanne za ta aika wa manyanta? Ta ce ba ta da ikon bugawa, in ta buga aikinta ya tafi, ke kuma a tsare ki a shingen gaba. Sai dai a nema daga farko, da takardar asibiti da ta rantsuwa, a jira."

"Kwana nawa?"

Ya tambaya. Ta buɗe tafin hannayenta biyu, alamar ita ma ba ta sani ba.

Muka koma taga ta farko, suka soke sallamar da suka yi mini. Daga inda na tsaya zuwa gadon da yake kwance, in ji Mamman, tafiyar awa biyu ce a mota. Kano zuwa Zariya.

Mamman ya kai ni wurin wata Basomaliya mai sayar da shayi a ɓangaren Kenya, Hawa, mace mai jiki, mai faɗa da kowa. Ta ba ni ɗaki a bayan shagonta. Ba ta jin nawa, ba na jin nata. Abin da ya haɗa mu alwala da salla da alhamdu lillahi. Ta kawo mini tuwon masararsu, mai tauri kamar sabulu, da ganye ba yauƙi. Na ci loma biyu na ajiye. Ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu, tana zuba faɗa da yarenta har sai da na cinye.

A cikin kayana akwai kuka da daddawa da yaji, don yaron ya ce wa Sabo a waya bakinsa ba ya son komai sai miyar kuka. Na ɗaure su a leda na ba Mamman. Ya ratsa zauren da su a hannu, ba wanda ya ce masa kanzil. Kuka ta samu shiga, daddawa ta samu shiga, ni na koma benci.

A Kano, Sabo ya ɗauki dattawan unguwa biyu da suka halarci sunan yaron, suka je kotu suka yi rantsuwa ni na haife shi. Safiya ɗaya abin ya ci, kafin azahar hoton takardar ya iso wayar Mamman. Abin da na guje wa ke nan. Aka haɗa da ta asibiti aka aika, aka ce mu jira.

Na jira. Kullum in na yi sallar walaha sai in fito bencin ƙofar shagon in fuskanci kudu. Ina kallon motocin masu yawon daji, masu buɗaɗɗen rufi, suna shiga cike da tsofaffin Turawa sa'o'ina, da huluna masu faɗi. Su an yarda su je su ga zaki. Ina kallon makiyayan wurin, dogaye masu jan mayafi kamar Fulaninmu, suna kora awaki daga wannan ƙasa zuwa waccan ba mai tambayarsu. Na yi kewar kiran sallar masallacin unguwarmu, na yi kewar ƙarar tabarya, har rigimar maƙwabciyata a kan kwata na yi kewa.

A kwana na shida 'yan acaɓar da ke tsayawa gaban shagon suka gane halin da nake ciki. Ɗaya ya zo ya tsuguna, ya zana mini a ƙasa da tsinke: ga zaure, ga hanya ta bayan dutse, ga titi a can gaba. Na gane sarai. Na shiga na ɗaure ƙullina. Hawa ta gani, ta fito da ludayin shayi ta kore shi har bakin titi, sannan ta kira Mamman a waya tana ihu.

Da la'asar Mamman ya iso daga Arusha, ya zauna, ya danna waya ya miƙo mini. "Ga shi, shi zai gaya miki."

Irin wayar nan ce da ake ganin mutum. Na ga fuska a kan matashi, ta zama rawaya, idanu sun faɗa, amma da hula a kansa. Kallo ɗaya na yi. Sai wuyana ya juya da kansa, na dubi tukunyar shayin Hawa. Jiki ya riga ya saba.

"Yaya, ina wuni."

"Lafiya lau. Ya jikin?"

"Da sauƙi. Yaya, an ce za ki bi daji."

Na ci gaba da kallon tukunyar.

"Kada ki bi. Akwai shinge uku a hanya. In suka kama ki kurkuku ne, kuma Mamman zai rasa takardarsa. Ki jira. Ai ina nan."

Na ce, "To."

"Kukar ta iso. A'isha ta dafa, sai dai ta zuba mata kwakwa." Ya yi 'yar dariya, ta koma tari. "Ki zo ki koya mata."

"In Allah ya yarda."

"Wurin da kike babu sauro?"

"Babu."

Ina jin numfashinsa ta cikin wayar. Akwai maganar da nake son faɗa masa. Mamman yana zaune, Hawa tana tsaye, masu shan shayi biyu suna kallo. Na ce, "Allah ya ƙara sauƙi. A gaida yaran." Na miƙa wayar.

Na kwance ƙullin. Na ci gaba da jira, tunda ya ce yana nan.

A kwana na goma sha biyu, bayan azahar, na hango Mamman ya fito daga zauren da ƙafa. Ba ya sauri. Ya iso bai zauna a benci ba, ya zauna a ƙasa a gabana, ya cire takalmi. Ban bar shi ya wahala ba. Na ce, "Yaushe?"

"Da hantsi, Inna. An yi masa sutura, an kai shi. Da kalmar shahada ya cika."

Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na sake faɗa. Ban yi kuka ba a lokacin, don uwa ba ta yi wa ɗan fari kuka a gaban mutane, kuma ban san yadda ake farawa ba.

Hawa ta sauke tukunya, ta rufe shago da rana tsaka. Ta shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, ta aika aka kira mata. Suka zo, Somalawa da wasu da ban san ƙabilarsu ba, suka zauna kewaye da ni da carbi. Kwana uku suna zuwa, kwana uku shagon yana rufe. Ba wadda ta taɓa ganinsa, ba wadda ta san sunan unguwarmu. Su suka yi mini zaman makoki. A rana ta biyu wata tsohuwa mara haƙori ta kama kaina ta kwantar a kafaɗarta, kamar yarinya. A nan abin ya ɓalle mini.

Bizar ta fito a kwana na goma sha tara. Mamman ya kawo takardar, na ce ya mayar da ni Nairobi, me zan je in yi. Hawa ba ta ji abin da na ce ba amma ta gane. Ta ɗauki jakata ta dangwara a kaina, ta tura ni har bakin zauren tana faɗa.

Ma'aikaciyar nan ce dai a tagar. Ta gan ni ta yi murmushi, ta ɗaga takardar tana nuna mini ta fito. Sai ta dubi Mamman, murmushin ya ɗauke. Ta buga hatimin a hankali, ta miƙo fasfon da hannu biyu, ta ce wata kalma. Mamman ya ce sannunsu ke nan.

Awa biyu ce, kamar yadda ya faɗa. Titi mai kyau, ko gargada babu.

A Arusha A'isha, matar yaron, ta fito ta durƙusa ta kama ƙafafuna, 'yar siririya, cikin takaba. Yaran suka tsaya a bakin ƙofa suna kallona, babban da goshin mijina sak. Ta yi ta magana tana kuka, Mamman yana juyawa. Ta ce tun ranar da na iso bakin iyaka, kowace safiya sai ya sa an goge masa jiki, an canza masa riga, an sa masa hula, an tayar da shi an jingina. Ya ce kada Yaya ta shigo ta same shi a kwance kamar mara tarbiyya. Haka yake zama yana kallon ƙofa har ƙarfinsa ya ƙare a kwantar da shi. Ranar da ya cika ma da hular ya cika.

Na ce a kai ni inda yake.

Maƙabartar tana bayan gari, an kewaye ta da katanga iya ƙirji. A garinmu mata ba sa shiga maƙabarta, kuma mai gadin wurin ma ya nuna mini in tsaya daga waje. Ban yi gardama ba, na gaji da roƙo a bakin ƙofa. Mamman ya ce, "Inna, ki dube ni. Inda na tsaya, nan ne."

Ya shiga. Ya yi ta ratsa kaburbura, yana kaucewa, yana tafiya, har ya ƙanƙance. Can kusa da ƙarshe, inda ƙasar take sabuwa, ya tsaya, ya juyo, ya ɗaga hannu sama.

Na dafa katangar, na dubi wurin. Wannan karon ban kau da kai ba. Ina kallo har hannun Mamman ya gaji ya sauke, ya sake ɗaga ɗayan.